Gwada manhajar intanet ba tare da sabar gaske ba: MSW, Mirage, json-server, WireMock ko Playwright?

Duk wanda ya taɓa gina fuskar manhaja yana jiran abokin aikinsa ya kammala ɓangaren baya, wato wanda ke ajiye bayanai yana amsa tambayoyin manhajar, ya san irin wannan zama. Ka gama shafin shiga, ka gama teburin da zai jera sunayen ɗalibai da kuɗin makarantar da ake bin kowannensu, ka sa maɓallin biya, amma babu mai amsa wa manhajar idan ta yi tambaya. Sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, tana kan kwamfutar abokin aikin naka, shi kuma an ɗauke musu wuta tun safe. Ko tana kan intanet, amma sabis ya yi nauyi, kowane gwaji sai ya ci maka lokaci ya ci maka data. Akwai ma abin da ya fi wannan. Ko da sabar tana nan lafiya lau, ba ka da ikon ce mata ta faɗi yanzu-yanzu domin ka ga yadda shafinka zai yi. Ita amsar lafiya kawai za ta riƙa ba ka, alhali iyayen yaran da za su buɗe shafin a wayoyinsu za su gamu da ranar da netwok ya yanke ana tsakiyar biya.

Maganin da masu wannan sana'a suka samo shi ne sabar bogi: wani abu da zai tsaya a madadin ta gaske, ya karɓi tambaya, ya mayar da amsar da ka tsara masa. Kayan yin haka suna da yawa, kuma na ga matasa da dama suna ɗaukar na farko da suka ci karo da shi a bidiyo. Na yi aiki da mafi yawansu, kuma abin da na fahimta shi ne, kafin a tambayi wanne ya fi, sai an tambayi a ina kowannensu yake tare hanya.

Ka ɗauki buƙatar da manhaja ke aikawa kamar yaron da aka aika kasuwa. Ana iya tare shi tun a cikin ɗaki a miƙa masa abin da aka ce ya sayo. Ana iya bari ya fito tsakar gida, ko ya kai zaure, ko ya fita ƙofar gida. Ana kuma iya barinsa ya je har kasuwar, sai dai shagon da zai tarar ba na gaske ba ne. Idan a ɗaki aka tare shi, ba za ka taɓa sanin ko ya san hanya ba, ko ya riƙe saƙon daidai, ko ya ma ɗauki kuɗin. Gwargwadon nisan da ya yi kafin a tare shi, gwargwadon abin da ka gwada ke nan a cikin kod ɗinka, kuma gwargwadon wahalar shiryawa da jinkirin gudu ke nan.

Na cikin ɗaki shi ne abin da kusan kowa ke farawa da shi: a Jest ko Vitest, kayan gudanar da gwajin kod, ka maye gurbin `fetch` ko `axios`, waɗanda manhaja ke aika buƙata da su, da aikin hannu wanda zai dawo da abin da kake so. Ba na ba kowa shawarar wannan, kuma ina da dalili. Idan ka rubuta adireshin ba daidai ba, gwajin zai wuce. Idan ka manta ka haɗa shaidar shiga a kan buƙatar, zai wuce. Sannan akwai wani bambanci da ke kayar da mutane: `fetch` ba ya ɗaukar amsar 404 (ba a samu ba) ko 500 (saba ta samu matsala) a matsayin faɗuwa, yakan miƙa maka ita ne kai ka duba da kanka, shi kuwa `axios` yakan jefa kuskure ga duk amsar da ba ta cikin jerin 200, wato lambobin nasara. Wanda ya ƙera amsar bogi da hannu yakan ƙera ta ne yadda yake zato, ba yadda kayan aikin ke yi ba. Ranar da kuwa kuka sauya daga `axios` zuwa `fetch`, duk gwaje-gwajen za su rushe, ba don manhajar ta lalace ba. Gwajin da ke wucewa lokacin da abu ya ɓaci, ya kuma faɗi lokacin da komai ke lafiya, ba shi da amfanin da aka rubuta shi dominsa.

A can ɗaya gefen akwai json-server, shagon bogi na cikin kasuwa. Ka rubuta fayil guda mai suna `db.json`, ka zuba ɗalibai biyar a ciki, ka tayar da shi, nan take sai ga saba tana sauraro a ƙofa (port) ta 3000, tana karɓar GET da POST da PUT da PATCH da DELETE. Ba sai ka rubuta layin kod ko ɗaya ba. Ga mai koyo babu kamarsa, domin yana ganin buƙata ta fita ta dawo da idonsa, kuma abin da ya ƙara ta shafin zai same shi a cikin fayil ɗin. Nan kuma matsalarsa take ga gwaji mai gudu da kansa: tun da yana rubuta canji a cikin fayil, gwaji na farko ya goge ɗalibi, na biyu ya zo nemansa bai same shi ba. Dole ka riƙa mayar da fayil ɗin yadda yake kafin kowane zagaye. Kuma shi mai biyayya ne ƙwarai, duk abin da aka ba shi karɓa yake yi. Sa shi ya ce kalmar sirri ba daidai ba, ko ya yi jinkiri a kan adireshi guda kawai, sai da ƙarin aiki. Ina amfani da shi idan zan nuna wa mai aiki samfurin farko, ko ina koyar da wani. Ba na gina gwaje-gwajen da zan dogara da su a kansa.

Inda zaɓin ya fi wuya shi ne tsakanin Mirage da MSW

Su biyun nan ne aka yi domin mai gina fuska da React ko Vue ko Svelte, kuma daga nesa kamar aikinsu ɗaya.

Mirage ya girmi ɗan'uwansa. Sam Selikoff ya fara shi ne domin masu amfani da Ember, daga baya aka fitar da shi ya zama na kowa. Yana zaune a tsakar gida: ta hanyar wani ƙaramin kayan aiki mai suna Pretender yake sauya `fetch` da `XMLHttpRequest` a cikin shafin, saboda haka buƙatar ba ta barin shafin sam. Idan ka buɗe sashen Network na kayan binciken burauza ba za ka ga komai ba, sai dai ka karanta abin da ya rubuta a Console. Ƙarfinsa na gaske yana wajen bayanai. Yana zuwa da ɗan rumbun bayanai a cikin ƙwaƙwalwa, inda za ka ce makaranta tana da azuzuwa, aji yana da ɗalibai, ɗalibi yana da tarihin biya. Ka ce masa ya ƙirƙiro ɗalibai 50 a aji 3, ya yi. Ka goge ɗalibi ta shafin, jerin ajin ya ragu da kansa. Wani abu da nake yaba masa: lokacin da kake aikin gini yakan jinkirta kowace amsa da milisakan 400 ba tare da ka nema ba, domin ka riƙa ganin alamar jira kamar yadda mai waya zai gan ta, a lokacin gwaji kuma ya cire jinkirin.

Ga wata 'yar damuwa da ta shafe mu mu masu sa wa abubuwa suna da Hausa a cikin kod. Mirage yana yin jam'i ne da ƙa'idar Turanci. Ka kira samfurinka `dalibi`, shi zai nemi tarinsu da sunan `dalibis`, ba `dalibai` ba. Ana iya koya masa jam'in da hannu, amma sai ka yi wa kowace kalma, domin jam'in Hausa ba ya bin hanya guda: aji azuzuwa, malami malamai, makaranta makarantu. Wanda bai san da wannan ba zai ɓata yini yana neman inda bayanansa suka shiga. Haka kuma ya daɗe a kan siga 0.1, sabuntawarsa ta yi sanyi idan aka kwatanta da shekarun farko, kuma da burauza aka gina shi a zuciya. Idan manhajarka irin ta Next.js ce da ke ɗauko bayanai tun a ɓangaren Node, mai gudanar da JavaScript a wajen burauza, kafin shafi ya iso burauza, waɗancan buƙatun ba a gabansa suke wucewa ba.

MSW, wato Mock Service Worker, aikin Artem Zakharchenko ne, ya fara shi a 2018. Shi a zaure yake zaune. Burauza tana da wani tsari da ake kira Service Worker, ɗan shiri ne da ke tsayawa tsakanin shafi da intanet, wanda asali aka yi shi domin manhaja ta iya aiki ko babu netwok. MSW ya ari wannan gurbin. Buƙata takan fita daga shafinka cikakkiya, da adireshinta da kanunta da abin da ta ɗauko, ta bayyana a sashen Network kamar kowace buƙata, sannan a tare ta a ba ta amsa. Kod ɗinka bai san an yi ba, kuma ba ruwan MSW da ko `fetch` ka yi amfani da shi ko `axios` ko Apollo na GraphQL.

Abin da ya sa na karkata gare shi ba wannan kaɗai ba ne. Amsoshin da ka rubuta sau ɗaya, su za ka yi amfani da su a burauza lokacin gini, su ne a Vitest ko Jest lokacin gwaji, su ne kuma a Storybook, mai nuna sassan shafi ɗaya-ɗaya, idan kana da shi. A cikin Node babu Service Worker, don haka can yana tare buƙatun ne ta hanyar kama hanyoyin sadarwar Node ɗin kansu, da abin da ake kira `setupServer`. Kada sunan ya ruɗe ka, babu sabar da ake tayarwa, babu ƙofar da ake buɗewa. Za ka rubuta amsoshin rana mai kyau a fayil guda, sannan a cikin gwajin da kake son ganin faɗuwa ka yi amfani da `server.use` ka ce a wannan karon jerin ɗalibai ya dawo da 500, ko `HttpResponse.error` ya nuna layi ya yanke gaba ɗaya, ko `delay` ya riƙe amsar. Bayan kowane gwaji `resetHandlers` ya share, na gaba ya tarar da wuri a gyare. Akwai saiti guda da nake roƙon kowa ya kunna tun ranar farko: ka sa `onUnhandledRequest` ya zama `error`. Da shi, duk buƙatar da manhajar ta aika wadda ba ka shirya mata amsa ba za ta tayar da ƙara, maimakon ta sulale ta tafi intanet ba ka sani ba.

Yana da nasa ƙayoyin. A watan Oktoba na 2023 aka fitar da siga ta 2, wadda ta canza yadda ake rubuta amsoshi: `rest.get` ya koma `http.get`, aka koma amfani da Request da Response irin na burauza, kuma ana buƙatar Node 18 ko sama. Darussa da yawa da ke yawo a intanet na tsohuwar siga ne, wanda ya kwafa ba tare da dubawa ba zai sha wahala. Masu Jest da jsdom, wato burauzar bogi ta cikin Node, sun fi kowa jin jiki a wannan sauyin, domin jsdom yana ɓoye wasu abubuwan da Node ke bayarwa waɗanda sabuwar sigar ke nema. A Vitest abin ya fi zuwa da sauƙi. A burauza kuma dole ka jira `worker.start` ya kammala kafin ka kunna manhajar, in ba haka ba buƙatun farko za su riga shi fita. Sannan burauza ba ta yarda Service Worker ya yi rajista sai a HTTPS ko localhost. Idan ka haɗa wayarka da kwamfuta a hotspot ɗaya ka buɗe shafin ta adireshi irin 192.168, ba zai yi rajista ba. Mafita ita ce ka jona wayar Android ɗin da kebul, ka shiga `chrome://inspect` a kwamfutar, ka tura ƙofar zuwa wayar, sai ita ma ta ga shafin a matsayin localhost.

Inda Mirage ya fi shi a fili shi ne rumbun bayanai. MSW ba ya zuwa da shi a jikinsa. Idan kana son abin da aka ƙara ya bayyana a jeri, ko ka riƙe shi da hannu, ko ka ɗauko ƙarin kunshin da masu MSW suka yi domin haka. Saboda haka idan aikinka samfuri ne mai dangantaka da yawa, wanda za a shafe wata biyu ana nuna wa mai aiki kafin a fara ɓangaren baya, kuma duk a burauza yake gudu, Mirage zai hutar da kai. In ba wannan ba, MSW nake ɗauka. A yawancin gwaji ma ba ka buƙatar rumbu mai tunawa. Abin da kake son sani shi ne: da aka danna maɓalli, me aka aika, kuma da amsa ta dawo, me mutum ya gani.

Masu aiki a Node zalla za su yi tambaya a kan nock, wani kayan tare buƙatu a cikin Node. Tsohon hannu ne, ya yi wa mutane aiki shekara da shekaru. Abin lura kawai shi ne, da Node 18 ya zo a 2022 da `fetch` a jikinsa, tsofaffin sigogin nock ba sa ganin buƙatun da suka bi ta nan, sai a siga ta 14 aka gyara, kuma an gina gyaran ne a kan injin tare buƙatu na MSW. Idan kana da shi a tsohon aiki, ka sabunta ka ci gaba. Idan sabon aiki ne, ban ga dalilin riƙe kaya biyu ba.

Dole in tsaya a kan jsdom kaɗan, domin mutane na mantawa cewa a irin wannan gwaji ba sabar kaɗai ce ta bogi ba, burauzar ma ta bogi ce. jsdom yana kwaikwayon tsarin shafi a cikin Node, amma ba ya zana komai. Ka tambaye shi faɗin maɓalli ko tsayinsa, sifili zai ce maka. Ba ya tafiya daga shafi zuwa shafi. Don haka zai iya tabbatar maka cewa maɓallin biya yana nan kuma yana aiki, alhali a ƙaramar waya wani akwati ya hau kansa ya rufe shi, babu yatsan da zai kai gare shi.

Wannan gibin ne Playwright da Cypress ke cikewa. Su burauzar gaske suke tuƙawa. Playwright na kamfanin Microsoft ne, ya fito a 2020, yana tuƙa Chromium da Firefox da WebKit, wanda shi ne injin Safari na masu iPhone. Yana tsaye a ƙofar gida, daga wajen shafin: da `page.route` za ka kama buƙata, ka cika ta da amsarka, ko ka kashe ta, ko ka bar ta ta wuce. Yana da `setOffline` da ke yanke netwok ɗin gaba ɗaya a tsakiyar aiki, kuma wannan shi ne gwajin da na fi ganin darajarsa ga manhajar da za a yi amfani da ita a garuruwanmu: mutum ya cika fom mai tsawo, ya danna aika, sabis ya ɗauke. Abin da ya rubuta yana nan ko ya tafi? Idan ya sake dannawa, sau biyu za a caje shi? Cypress ma yana da `cy.intercept` tun siga ta 6 a ƙarshen 2020, yana iya jinkirta amsa, ya rage gudun saukarta, ko ya tilasta yankewar layi, kuma tagarsa da ke nuna kowane mataki tana taimaka wa mai koyo sosai. Idan ƙungiyarku ta riga ta saba da Cypress, ku zauna a kansa. Mai farawa yau, Playwright zan nuna masa.

Kuɗin da za ka biya shi ne nauyi. Saukar da burauzoji ukun yana cin ɗaruruwan megabait, don haka mai lissafin data ya fara da Chromium kaɗai. Gwajin da jsdom zai gama kafin ƙiftawar ido, a nan sai ya ɗauki daƙiƙoƙi, kuma a kwamfuta mai ƙaramar ƙwaƙwalwa za ka ji fanka na kuka. Shi ya sa ba na rubuta ɗari da shi. Nakan zaɓi hanyoyi biyar ko shida da idan suka lalace aikin ya tsaya, kamar shiga, rajista da biya, sauran in bar wa MSW da Vitest. A kula kuma: idan MSW yana kunne a shafin, zai riga Playwright tare buƙatun tun a zaure, na ƙofar gida ba zai ga kowa ya fito ba. Takardun Playwright da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Ka zaɓi mai tarewa guda a kowane gwaji.

WireMock na wata duniyar ne. Tom Akehurst ya fara shi a 2011, da Java aka rubuta shi, yana tashi a matsayin saba mai zaman kanta, bisa al'ada a ƙofa ta 8080, ko ta fayil ɗin Java ko ta Docker. Tun da ta hanyar sadarwa ta gaske ake zuwa wurinsa, bai damu da yaren da ka yi amfani da shi ba. Manhajar Flutter, ta Android, ɓangaren baya na PHP, da shafin React duk za su iya tambayar sa su sami amsa iri ɗaya. Mai gwadawa a kwaikwayon wayar Android zai same shi ta adireshin 10.0.2.2, wanda shi ne yadda wayar bogin ke kiran kwamfutar da take ciki. Abin da ya fi kowa iyawa shi ne mugun hali: ya karɓi haɗi ya katse shi ba amsa, ya aiko da rabin amsa sannan shara, ya mayar da amsa fanko, ko ya ce a'a sau biyu sannan ya ce to a karo na uku. Idan ɓangaren bayanku yana magana da kamfanin tura saƙon waya ko na banki, kuma kuna son ganin abin da zai faru idan can ɗin ya yi shiru, wannan ne kayan aikin. Ga mutum ɗaya mai gina shafin React kuwa, ya yi masa yawa.

Masu ɓangaren baya ma suna da nasu gwajin da ba ya buƙatar tayar da saba, sai dai a juye: a nan burauzar ce ake kwaikwaya, kod ɗin sabar kuma na gaske. Django yana da Client na gwaji, Flask yana da `test_client`, Spring yana da MockMvc, Laravel ma yana da irinsa, har da `Http::fake` domin tare buƙatun da shi kansa ke aikawa waje. Babu zaɓi mai wuya a nan, ka yi amfani da wanda ya zo da abin da kake gini da shi. Ka dai sani cewa ba sa gudanar da JavaScript, kuma Django da Laravel duka sukan kashe binciken CSRF, wanda ke tabbatar da cewa daga shafinka aka aiko fom, a lokacin gwaji. Fom zai iya wucewa a gwaji ya faɗi a burauza saboda wannan. A Django ana kunna shi da `enforce_csrf_checks`.

Ramin da ke gaban dukkansu

Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma sabar bogi, ko da wane kaya aka yi ta, ƙarya ce da ka shirya wa kanka da kyakkyawar niyya. Tana faɗa maka abin da kake zaton ta gaske za ta faɗa. Ranar da zatonka ya saɓa da gaskiya, ba za ta sanar da kai ba.

Ya faru da ni a aikin wata manhajar biyan kuɗin makaranta. A amsoshin bogina na rubuta kuɗin zango 45000, ina nufin naira. Abokin aikina da ke ɓangaren baya kuwa da kwabo yake ajiye kuɗi, kuma shi ne a kan daidai, domin haka ake yi don kauce wa matsalar ɗigo a lissafi, haka ma wasu hanyoyin karɓar kuɗi ta intanet a Najeriya ke karɓar adadi. Sabarsa ta aiko da 4500000. Gwaje-gwajena duka kore ne, babu ko ɗaya da ya faɗi, amma ranar da muka haɗa ɓangarorin biyu shafin ya nuna ana bin yaro ɗan aji biyu naira miliyan huɗu da rabi. Allah ya sa a gwajin cikin gida muka gani, ba a wayar wani uba ba. Har yanzu idan na tuna abin da zai ji da ya buɗe ya ga wannan adadin, sai gabana ya faɗi.

Tun daga nan na daina ƙirƙiro amsar bogi daga kaina. Hanya mafi arha ita ce ka kwafo amsar gaske guda daga sabar gwaji, ka cire bayanan mutane, ka gina a kanta. Playwright yana iya naɗar zirga-zirgar gaske a fayil ɗin HAR ya riƙa maimaita ta da `routeFromHAR`, WireMock ma yana da naɗa da maimaitawa. A duba fayil ɗin da kyau kafin a ajiye shi a Git, domin shaidar shiga da bayanan mutane sukan maƙale a ciki. Hanya mafi inganci kuwa ita ce ku zauna ku biyu ku rubuta yarjejeniya a tsarin OpenAPI kafin kowa ya fara: wane adireshi, wane suna, lamba ce ko rubutu, naira ko kwabo. Daga wannan takardar, Prism na kamfanin Stoplight zai iya tayar da sabar bogi a ƙofa ta 4010, wadda za ta ƙi karɓar buƙatar da ta saɓa wa abin da aka rubuta. Manyan ƙungiyoyi masu sassa da yawa sukan ƙara da Pact, wanda ke ɗaukar abin da fuska ke tsammani ya je ya gwada shi a kan ɓangaren baya na gaske. Ga mutum biyu ko uku, OpenAPI ya wadatar.

Bayanan da ka zuba a ciki ma su yi kama da mutanen da za su zo. Kada jerin ɗalibanka ya zama sunaye uku gajeru masu haruffan Turanci zalla. Ka sa Ɗanladi, ka sa Sa'adatu, ka sa Ƙasimu, ka sa suna mai kalma huɗu da zai tsallake layi. Ka ga ko akwatin bincike zai samo Ɗanladi idan aka rubuta Danladi, domin yawancin mutane haka za su rubuta a waya. Ka ga ko alamar da ke cikin Sa'adatu za ta karya wani abu. Ka sa lambar waya mai farawa da 0 da mai farawa da +234. Ka sa aji wanda babu kowa a cikinsa, da ɗalibin da ba a cika sunan mahaifinsa ba.

Akwai kuma abubuwan da babu sabar bogin da za ta gaya maka. Ba za ta nuna maka cewa ta gaske ba ta ba adireshin shafinka izinin CORS ba, wato izinin da burauza ke nema kafin shafi ya karanta amsa daga wani adireshi daban. Ba za ta nuna cewa kukis ɗin shiga ba sa tafiya tsakanin adireshi biyu ba, ko cewa tambayar da ke gudu a kan ɗalibai 5 tana rarrafe a kan 5,000. Biyan kuɗi ya fi kowanne: tabbacin cewa kuɗi ya shiga ba ta burauza yake zuwa ba, kamfanin karɓar kuɗin ne ke aiko da sanarwa kai tsaye zuwa sabarku, hanyar da MSW da Mirage da Playwright ba sa tsaye a kanta ko kaɗan. Paystack da Flutterwave duka suna ba da makullan gwaji da katunan gwaji domin wannan. Kafin ku buɗe wa jama'a, ku ɗora komai a sabar gwaji ta gaske, ka ɗauki waya mai araha da layin data, ka biya da katin gwaji tun daga farko har ƙarshe, ka jira sanarwar ta iso, ka ga sunan ɗalibin ya fita daga jerin waɗanda ake bi, sannan ku sauya makullan zuwa na gaske.